Rafali da Farantin Kore

Duk layin nan babu wanda bai san Rafali ba, kuma babu mai rai da zai ce ya taɓa jin "na yi kuskure" ta fito daga bakinsa. Ƙuruciyarsa kaf a filin ƙwallo ya ƙarar da ita, usur a baki, jan kati a aljihun gaba. An jefe shi da robar ruwa, an zage shi tas har da dangin da bai sani ba, akwai ranar da sai a bayan motar 'yan sanda aka fitar da shi daga fili, amma hukuncin da ya yanke bai taɓa janye shi ba. Da ya ajiye aiki sai ya kwaso halin nan kacokan ya dawo da shi gida. In ya ce agogon falo daidai yake, to gidan rediyo ne suka makara.

Mutum ɗaya ce ke iya ja da shi, matarsa, wadda babba da yaro a layin ke kira Mama. Da musu suke karyawa. A buɗe taga ko a rufe, wa ya bar famfo na zuba, wace shekara aka sayi firij. Ba a taɓa tashi wasan nan ba, kullum sai dai a ɗage zuwa gobe.

Ana nan, wata safiya jiri ya kwashe Rafali a kan kujerar mai aski, ya sulale ƙasa da rabin kai a aske. Aka ɗauke shi sai asibiti. Likita ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya duba abin da na'ura ta zana, ya ce ɗakunan sama na zuciyarsa ba bugawa suke yi bisa tsari ba, karkarwa suke yi. In aka bar su haka jini yana iya daskarewa a ciki, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Da ya tambaya ko akwai mai irin wannan a gidansu, Rafali ya ce babu, Mama ta ce haka mahaifinsa ya tafi, haka ma yayansa.

"Ni?" in ji Rafali a hanyar gida. "Zuciyar da ta yi tsere da 'yan shekara ashirin har na yi furfura? Yunwa ce kawai, ban karya ba na fita."

Maganin da aka rubuta masa kuwa, ya cusa kwalin cikin tsohon takalminsa na ƙwallo, ya ɗora a saman durowa. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi fushin kwana da kwanaki, ta sa abokansa baki. Mutumin nan ya yi kunnen uwar shegu da kowa.

To, 'yarsu ta ƙarshe, Auta, a wani ɗakin bincike take aiki, can bayan babban asibiti. Wata ranar hutu ta zo gida, ta zauna gaban mahaifinta ta ce suna nazarin iyalan da wannan ciwo ke bi, suna neman masu ba da jini.

"Kaɗan za mu ɗiba, Baba. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa za mu lallaɓa mu mayar da su jarirai, su manta cewa na jini ne su. Su ake ce wa ƙwayoyin asali, waɗanda ba su zaɓi sana'a ba tukuna. Daga nan sai mu koya musu aikin zuciya. In an dace, za ka ga suna bugawa da kansu a faranti."

"A faranti."

"A faranti, Baba."

"Ni kuma ina ina?"

"Kana gida kana shan shayi."

"Ai gara haka," in ji Mama daga kicin. "Ƙila in bakinsa ba ya kusa a samu a ji abin da zuciyar ke cewa."

Auta ta ce ba a duba na mara lafiya shi kaɗai, sai an ajiye na lafiyayye a gefe don a kwatanta, wanda shekarunsu suka zo kusa amma ba jininsu ɗaya ba. Nan aka auna Mama ciki da waje, aka ce garau take, ita ma aka ɗebi nata. Abin da ya sa Rafali ya miƙa hannu ke nan. Ya ga wasa tsakaninsa da Mama, da alƙalai na waje, kuma ya san wanda zai ci.

"A buga," ya ce. "Amma in faranti ya wanke ni, kar in sake jin zancen magani a gidan nan."

"Faranti ba likita ba ne, Baba. Bincike ne. Likita ya riga ya yi magana."

Wannan kam ba ta shiga kunnensa ba.

Watanni suka wuce, har Rafali ya fara cewa sun zubar da jinin suna jin kunyar faɗa. Sai ga Auta da bidiyo a waya: wani abu toka-toka, shimfiɗe kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, yana tattarewa yana saki. Faranti biyu, duka suna bugawa lafiya lau. Rafali bai tsaya jin bayani ba, ya zari wayar ya nufi shagon mai aski, ya nuna wa kowa har da wanda ake yi wa gyaran gemu. Da ya dawo yana baza riga, Auta ta zaunar da shi.

"Baba, ƙwayoyin zuciya ba iri ɗaya ba ne. Zuciya kamar gidan bene take. Na ɗakunan ƙasa su ne ƙarfafa, masu tura jini cikin jiki. Na ɗakunan sama daban suke, bugunsu gajere ne mai sauri. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da ke ba kowa lokaci."

"Rafali ke nan."

"Rafali ke nan. To in ka bar ƙwayoyin asali su bi son ransu, yawanci na ƙasa suke zama, su ne waɗannan da ka gani. Kai kuwa rigimarka a sama take. Sai an ɗiga musu wani sinadari ɗan gidan bitamin A, daidai lokacin da suke shawarar abin da za su zama. In ka makara, sun riga sun tare a ƙasa, ba mai hawo da su."

"Wato kun bincike ƙasa ba ku samu komai ba, yanzu za ku hau bene neman laifi. An tashi wasa, yarinya. Na ci."

"Hutun rabin lokaci ne, Baba."

Da na saman suka samu, Auta ta gayyace su su zo su gani da idonsu. Mama ta ce ita farantan da ke jiran wanki a gidanta sun ishe ta kallo. Rafali ya sa rigarsa mai guga, ya tafi shi kaɗai karɓar kofi.

Wurin sanyi ƙalau, sai warin sinadarin goge hannu da ƙugin na'urori. Shugabar wurin, wadda suke kira Farfesa, wata 'yar ƙaramar dattijuwa ce mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa amma in ta juyo kowa sai ya gyara tsayuwa. Ta ce baƙo ba ya wuce gilashi, ta ba shi kujera gaban kwamfuta. Ta cikin gilashin ya hango Autarsa cikin farar riga da safar hannu, ta buɗe wani akwati mai kama da firij, sai dai shi ɗumin jikin mutum ne a cikinsa. Ta ɗauko 'yan farantan roba biyu masu murfi, da ruwa mai launin hoda a ciki, tana tafe a hankali kamar ta ɗauko ƙwai. Ɗaya an manna masa shuɗin salatif, ɗaya kore.

"Wanne ne nawa?"

"Ba a faɗa, ranka ya daɗe," in ji Farfesa. "Ni na manna, ni kaɗai na sani. Ita kanta mai awon ba ta sani ba. Ido yana da son kai. In ta san wannan na babanta ne, za ta ga abin da take fata, ko abin da take tsoro. Sai an gama awo kaf nake buɗe baki."

"Ni ne fa mai jinin."

"An ce min alƙalin wasa ne kai. Ka taɓa busa tashi kafin lokaci don 'yan kallo sun ƙosa?"

Rafali ya dube ta sama da ƙasa. Rabon da ya ga mutum mai hankali irin wannan har ya manta. "Ƙa'ida ƙa'ida ce," ya ce, ya gyara zama.

Aka sa shuɗin ƙarƙashin madubin ƙara girma, hoton ya fito a kwamfuta. Dam, dam, dam, dam. Ba gaggawa, ba jinkiri. Ƙafar Rafali ta shiga bin bugun da kanta.

"Kun gani? Wannan ya sha horo. Ba sai an faɗa min ba."

Aka sa koren. Ya buga biyu da gudu, ya tsaya kamar ya manta abin da ya kawo shi, ya zubo uku a jere, wani gefe ya fara kafin wani gefen ya gama. Rafali ya tuntsure da dariya har da dukan cinya.

"Kai! Wannan wane ɗan maye ne? Ai da a fili ne tuni na kore..."

Sai dariyar ta maƙale. Faranti biyu ne. Mutum biyu suka ba da jini. Tunda shuɗin nasa ne, kuma wannan ba abin tambaya ba ne, to koren na wace ce? Ya ƙura wa abin ido, yana tuntuɓe yana tashi.

Auta ta biyo shi waje tana cire safar hannu. Ta san fuskar nan.

"Baba, don Allah kar ka yanke hukunci. An auna Mama lafiyarta ƙalau. Kai ne likita ya ce..."

"Kin san na waye?"

"Tabbas ɗin ban sani ba, amma ai ko hankali..."

"Ba ki sani ba. Shi ke nan."

A mota ya yi ta haɗa hujjoji, kuma duk suka zauna daram. Wa ke haki in ya hau bene? Ita. Wa ke dafe ƙirji in murfin tukunya ya faɗi? Ita. Wa ke hawa sama nan da nan kan abin da bai kai ya kawo ba? Danginsu gaba ɗaya haka suke, magana ma biyu-biyu suke zubo ta, su tsaya, su zubo uku. Ashe matar nan ciwo take ɗauke da shi, shi kuwa kullum yana tsokanarta kan taga.

Ya tarar da ita ta sunkuya za ta ɗaga bokitin wanki.

"Ajiye!"

Ta saki bokitin ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, lafiya?"

Ka gani ko, ya ce a ransa. Ya ɗauki bokitin da kansa, ya shanya kayan a karkace, ya dawo ya jawo mata kujera, ya sa mata matashi a baya.

Daga ranar gidan ya birkice. Rafali ya karɓe zuwa kasuwa, ya dawo da tumatir ɗin da duk layin masu tumatir suka rasa wanda za su sayar wa. Ya ɓoye gishiri. Ya kashe mata shirin talabijin ɗin da take so, wai akwai faɗa a ciki. Ya zaro tsohon agogonsa na fili, mai maɓalli a ka, ya rataya a wuya, ya bi ta ɗaki-ɗaki yana cewa ta kawo hannu. Sai ya danna mata babban yatsa a inda babu jijiya, ya ji shiru, ya firgita, ya koma wani wurin, ya ji wani bugu mai tsalle-tsalle, ya girgiza kai cike da tausayi. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa babban yatsa bugun mai shi yake jiyowa.

Duk wannan Mama ta jure. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne ranar da ta ce a rufe taga, ya tashi ya rufe.

"Malam, na ce a rufe taga."

"Na rufe ai."

"Ba ka ce zafi ake yi ba."

"Yadda kika ce haka ne."

Ta gwada shi da firij. Ta faɗi wata shekara da ita kanta ta san ƙarya ce, shekarar da ko aure ba su yi ba. Jijiyar wuyan Rafali ta miƙe, amma ya daure ya ce, "Ƙwarai, na tuna."

Mama ta ajiye cokali. Ta ɗauki waya ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ya laɓe yana jin ta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Auta, ki gaya min gaskiya, me aka ce wa babanku? Kwana nawa suka ba shi?" Ta daɗe tana sauraron bayanin Auta. Sai kuma wata irin dariya ta ɓarke, har da shessheƙa da dukan katifa. Rafali ya jingina da bango. Dariya ba gaira ba dalili. Abin ya fara taɓa kai ke nan.

Da ta fito tana share hawaye ya tare ta.

"Maman yara, gobe za mu je wurin likita."

Ta dube shi wani iri, kallon da ya daɗe bai gani ba. Sai ta zauna, ta harɗe ƙafa, ta ce, "Ni? Zuciyar da ta haifi yara ta raine su, ta kuma zauna da kai? Lafiyata ƙalau."

"Kina haki a bene."

"Yunwa ce kawai, ban karya ba."

Maganar ta yi masa kama da wadda ya taɓa ji a wani wuri, amma bai tsaya nema ba. Ya hau kujera ya sauko da takalmin ƙwallo, ya zaro kwalin magani, ya kaɗe ƙura, ya miƙa mata.

"To ki fara da wannan kafin mu je."

"A'a. Ba a shan maganin wani. Sunan wa ke jiki?"

"Kuskure suka yi."

"To a mayar musu su gyara."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa a hankali don kar ya firgita ta, ya sa ƙawarta ta maƙwabta baki, ƙawar ta fito daga ɗakin tana toshe baki da mayafi. Matar nan ta kafe kai da fata. Rafali bai taɓa sanin akwai taurin kai irin wannan a duniya ba, abin har mamaki yake ba shi yadda mutum zai ga rami a gabansa ya ce shi ba rami ya gani ba.

Wata la'asar ya dawo daga sayo gas, ya hau bene da tukunyar a kafaɗa don ya hana mai kawowa shiga ya yi mata hayaniya. A tsakiyar matakala ƙirjinsa ya buga biyu da gudu, ya tsaya, ya zubo uku. Bango ya juya. Ya sauke tukunyar ya zauna a kanta har duhun ya washe, ya ce a ransa damuwar matar nan ce za ta kashe shi. Da ya shiga gida ya yi sallama, ba a amsa ba. Kujerarta na nan da matashin, tabaraunta a kan hannun kujerar, shayinta rabi ya huce. Ya kira, shiru. Ya duba kicin, ya duba ɗaki, ya buga ƙofar banɗaki. Ya dawo tsakiyar falo ya tsaya, agogon bango na ta ƙas-ƙas, kuma babu wanda zai ce masa ya makara. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar motar 'yan sanda. Ashe haka gidan zai zama.

Sai ga ta ta turo ƙofa da ƙullin gishiri da ta aro a maƙwabta.

"Ina kika je ba ki faɗa ba!" Muryarsa ta fashe a tsakiya.

Ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta dace da shi, sai ta ga idonsa. Ta wuce kicin, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Ranar da Auta ta bugo ta ce an gama awo, Farfesa za ta buɗe baki, Rafali ya ce ƙafarsa ƙafar Mama, ko da ɗaukarta zai yi. Ba ta yi musu ba, ta ɗauki jakarta. Shi ya karɓe jakar ya rataya, ya riƙe mata hannu a matakala yana cewa a hankali, a hankali.

Aka zaunar da su gaban kwamfutar. Auta ta nuna musu shuɗin, yana nan yadda yake. Ta nuna koren yana tuntuɓensa. Sannan ta nuna wani hoton koren bayan an ɗiga masa wani magani da suke gwadawa, ya ɗan natsu, bai kai shuɗin ba amma ya daina gudun ɗan maye. Ta ce wannan na bincike ne, da sauran tafiya kafin ya isa ga mutane, amma abin da suke nema sun gani: rikicin a cikin ƙwayoyin ɗakunan sama yake, tun daga asali, ba yunwa ba ce.

Farfesa ta gyara tabarau za ta yi magana, Rafali ya ɗaga hannu.

"Dakata, ranki ya daɗe. Kafin ki faɗa, ina so a yi shaida, don akwai masu taurin kai a ɗakin nan." Ya miƙe tsaye, ya ƙi kallon Mama. "Mai wannan koren, ko waye, daga nan wurin likita zai wuce. Abin da aka rubuta masa zai sha, safe da yamma, ba ɗaukaka ƙara. Don mutum ba shi kaɗai ya mallaki zuciyarsa ba. Akwai wanda in ya shigo gida ya yi sallama ba a amsa ba, shi ma ya mutu, sai dai a bar shi yana yawo. Wanda ya san haka ya ƙi magani, ba jarumi ba ne, mugu ne. Na gama."

"An shaida," in ji Mama a hankali.

"An shaida," in ji Farfesa. "Koren naka ne, ranka ya daɗe."

Na'urori suka ci gaba da ƙuginsu. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran tashin bam: an musanya jini, salatif ya ɓalle, a kawo wani alƙali. Rafali ya lalubi kujera ya zauna. Ya dubi koren, ya dubi Farfesa.

"Shuɗin fa?"

"Na Mama ne."

"Wannan mai tafiya daidai ɗin? Kin tabbata? Ba ki ruɗe wajen mannawa ba?"

"Ban taɓa ruɗewa ba."

"Nata ne," ya ce. Sai ya rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunsa suka shiga rawa, ba a san ko dariya yake ko kuka ba, ƙila shi ma bai sani ba. "Alhamdu lillahi. Ni ne. Alhamdu lillahi, ashe ni ne."

Farfesa ta cire tabarau ta shiga goge su, ko da yake ba abin da ya same su.

"Ka ji daɗinka," in ji Mama. "'Yan makonni ka yi cikin fargabar nan har ka rame, ka hana ni gishiri, ka cika min gida da ruɓaɓɓen tumatir. Ni tun ranar da aka kwaso ka da rabin aski nake ciki, Malam. Kullum ka fita sai na ji kamar an zo gaya min."

Bai yi musu ba. Wannan karon ba don kar ya firgita ta ba ne.

Da ya share fuska ya dawo hayyacinsa, sai ya gyara wuyan riga ya dubi Auta. "Kar wani ya je yana cewa na janye hukunci. Cewa na yi mai kore zai ga likita. Ban canja ko kalma ɗaya ba."

"Ba wanda ya ce ka canja, Baba. Likitan yana ginin gaba, Mama ta riga ta karɓar maka layi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar taga," in ji Mama. Ta miƙa hannu ta zare jakarta daga kafaɗarsa. "Kawo nan, mara lafiya ba ya ɗaukar kaya."

Ya roƙi a ƙara nuna masa shuɗin kafin su tafi. Auta ta mayar da shi. Ya zauna yana kallo, dam, dam, dam, har sai da Mama ta ce layin zai wuce su. A bakin matakala ya ji ƙirjin ya ɗan yi tsallensa, ya tsaya. Maimakon ya ce yunwa ce, sai ya miƙa mata hannu.

Ba ta ko duba ba. Yatsunta biyu suka sauka daidai kan jijiyar, ba lalube, ba agogo, leɓɓanta na motsi tana ƙirgawa.

"A ina kika koya?"

"A hannunka," ta ce. "Duk ranar da barci ya ɗauke ka gaban talabijin bayan azahar. Yi shiru, ka sa na ɓata lissafi."